Masu Neman Rage Ƙiba: Ranar Awo Ba Ranar Ɓuya Ba Ce

Ƴan uwa masu karatu, mun san akwai wanda zai ga kan wannan bayani ya girgiza kai, ya ce: ashe a ƙasar da ta sha farin 1973 da na 1984, ta kuma ga ƙarancin abinci na 2005, har an samu mai bakin yi wa jama'a maganar rage ƙiba? Tambayarsa tana bisa hanya. Har gobe akwai yaran da tamowa ke kwantarwa a gidajen likita na karkara, kuma ba mu manta da su ba. Amma duk wanda ya taɓa zama jiran likita a Yamai, ko Maraɗi, ko Damagaram, ko Tawa, ya san akwai wani layi na biyu: na masu hawan jini, da masu ciwon sukari, da masu ciwon gwiwa waɗanda ruku'u da sujada suka fara yi wa wuya tun ba su kai shekara hamsin ba. Da yawansu ma'aikata ne, da ƴan kasuwa, da iyayenmu mata na cikin gari. Da yawansu kuma magana ɗaya likita ya faɗa musu: a rage nauyin jiki.

Ba mu kaɗai abin ya shafa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 manya biliyan 2 da rabi ne nauyinsu ya wuce kima, kuma miliyan 890 daga cikinsu ƙibarsu ta kai matakin cuta. Ga misalin yadda likitoci ke lissafi: mai tsawon mita 1 da santimita 65, in ya kai kilo 68 ya fara wuce kima, in ya kai kilo 82 ya shiga sahun masu ƙiba mai haɗari.

Farawa ba ta gagarar kowa. Ranar da mutum ya fito daga gaban likita, tsoro kaɗai ya isa ya raba shi da sukari na mako biyu. Wuyar aikin tana wata na uku, da na shida, lokacin da tsoro ya kwanta, ma'auni kuma ya tsaya wuri ɗaya. Ra'ayinmu a yau shi ne: mai neman rage ƙiba kada ya dogara ga ƙarfin zuciyarsa shi kaɗai, ya nemi abokan tafiya. Ƙungiyar da suka kafa kuma, a auna ƙarfinta da yadda take karɓar wanda ya faɗi, domin shi ne ya fi kowa bukatarta.

Matar da ta kira ƙawayenta

A shekarar 1961, a unguwar Kwins ta birnin New York a Amurka, akwai wata matar aure mai suna Jean Nidetch, nauyinta kilo 97. Ta je wani gidan likita na hukumar lafiya ta birnin, aka ba ta tsarin abinci, ta bi shi har ta rage kilo 9. Daga nan sai gwiwarta ta fara sanyi. Tana da wani sirri da ta kasa faɗa wa ma'aikaciyar wurin: takan ɓoye biskit a cikin kwandon kayan wanki, in dare ya yi ta ci. Da abin ya ishe ta, sai ta kira ƙawayenta shida masu fama irin nata zuwa gidanta, ta tona wa kanta asiri a gabansu. Ashe kowacce tana da nata kwandon. Suka yi alkawarin haɗuwa kowane mako. Cikin wata biyu matan suka kai arba'in. Ita kuwa ta rage kilo 33 gaba ɗaya, kuma a 1963 wannan zama ya zama kamfanin Weight Watchers, wanda ya bazu a ƙasashe da yawa.

A lura da abu guda. Tsarin abincin da ta raba wa ƙawayenta shi ne dai wanda likita ya ba ta tun farko. Abin da ta ƙara kawai shi ne wurin da mutum zai faɗi gaskiya ba a yi masa dariya ba.

Masana sun gwada wannan magana. A 1999, wasu masu bincike biyu na Amurka, Rena Wing da Robert Jeffery, sun bi mutum 166 cikin wani tsari na wata huɗu. Wasu sun shiga su kaɗai, wasu sun zo da abokai ko dangi uku aka kuma koya musu taimakon juna. Cikin waɗanda suka zo su kaɗai, kashi 76 cikin 100 suka kai ƙarshe, kuma kashi 24 ne kawai suka riƙe abin da suka rage bayan ƙarin wata shida. Cikin masu abokai, kashi 95 suka kai ƙarshe, kashi 66 suka riƙe. Haka kuma a 2011 an bayyana wani gwaji na mutum 772 a Ingila da Jamus da Ostareliya: waɗanda aka tura zaman mako-mako sun rage wajen kilo 5 cikin shekara, ninki biyu na waɗanda suka tsaya ga shawarar likita kaɗai. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Abubuwa uku masu kashe himma

Na farko, jikin mutum da kansa. Allah ya halicci jiki da dabarar tsare kansa daga yunwa, kuma jiki bai san bambancin fari da shawarar likita ba. In nauyi ya ragu, sai ya rage yawan abin da yake ƙonawa, ya kuma ƙara wa mai shi jin yunwa. A birnin Melbon na Ostareliya, likitoci sun nuna a 2011 cewa shekara guda bayan mutane sun rage ƙiba, sinadaran da ke tada yunwa a jininsu ba su koma yadda suke ba. A Amurka kuma an bi mutum 14 da suka yi gasar rage ƙiba ta talabijin. A matsakaici sun zubar da wajen kilo 58 cikin wata bakwai, amma bayan shekara shida wajen kilo 41 sun dawo, jikinsu kuma yana ƙona abinci ƙasa da yadda ya kamata. Saboda haka in ma'auni ya tsaya bayan ƴan watanni, kada mutum ya ce shi rago ne. Haka abin yake ga kusan kowa. Amma wanda ke fama shi kaɗai ba shi da mai gaya masa haka.

Na biyu, bakin mutane. A wurinmu ƙiba ado ce, alamar hutu ce. In magidanci ya yi tumbi, sai a ce ya samu. In amarya ta yi jiki, sai a yaba wa mijinta. Har akwai ƴan uwanmu mata masu sayen ƙwayoyin ƙiba a kan tebur, cikinsu da irin su dekzametazon, maganin da ke kumbura jiki, ya tada sukari, ya hau da jini. To, a irin wannan wuri, wadda ta rage kilo 5 ba barka take ji ba. Abin da take ji shi ne: «Lafiya kuwa? Me ya same ki? Ko maigidan ne ya hana cefane?» Wasu ma su koma gefe suna raɗa suna kiran sunan wata cuta. Namiji kuwa a ce ko bashi ne ya hau kansa. Mutumin Faransa ko na Amurka in ya rage ƙiba yabo yake samu daga danginsa. Namu, tambaya yake sha. Don haka mun fi su bukatar wasu mutum goma da za su ce masa: mun san abin da kake yi, ci gaba.

Na uku, zumunci. Abincinmu a kwano ɗaya yake, kuma ƙin cin abincin mutum laifi ne. Ga suna, ga ɗaurin aure, ga walima. Ga shayin fada da ake dafawa sau uku, kowane zagaye da sukarinsa. Ga lemun kwalba da ake tarbar baƙo da shi. OMS ta ba da shawara tun 2015 cewa kada sukarin da babba ke sha a yini ya wuce wajen giram 50, wato ƙaramin cokali 12, kuma rabin haka ya fi. Gwangwani ɗaya na lemun kola mai santilita 33 yana ɗauke da wajen giram 35. Wanda ya sha biyu a gidan biki ya wuce rabonsa na yini tun bai taɓa shinkafa ba.

In waɗannan uku suka haɗu, ga abin da ke faruwa. Mu ɗauka wata ma'aikaciya ce ta shiga ƙungiya, ta yi wata biyu tana ragewa. Sai bikin ƙanwarta ya zo, mako guda ana ci ana sha. Ta hau ma'auni a gida ta ga kilo 2 sun dawo. Ranar zama ta zo, sai ta ce bari in tsallake wannan makon, in na gyara na koma. Mako na gaba kunyar ta ninka, ga ta ƙarin nauyi ga ta fashi. Daga nan ba a sake ganinta ba. Kilo 2 ba su da wuyar saukewa. Ɓuyar ce ta raba ta da tafiyar.

Mu koya daga asusu

Ba sai mun je New York neman dabara ba. A 1991, a jihar Maraɗi, ƙungiyar CARE tare da matan karkara suka fara tsarin Mata Masu Dubara. Mata su haɗu kowane mako, kowacce ta zuba abin da aka yanka, a rufe akwati, a ba da rance a tsakaninsu. Wannan tsari da ya tsiro a ƙasarmu ya bazu zuwa ƙasashe da dama na Afirka da wajenta. Kafin shi ma muna da adashi, muna da gayya, muna da samariya.

Me ya riƙe asusu? Kowa ya san mace ita kaɗai a ɗakinta da wuya ta tara kuɗi, domin kullum akwai bukatar da za ta cinye su. Amma in rana ce sananniya, wuri sananne, zubi ƙarami wanda kowa ke iyawa, kuma ana kiran suna ɗaya bayan ɗaya, sai ka ga shekara ta zagayo akwati ya cika. Ba a tambayar mai zubi ko yau tana jin daɗin zubawa. Ranar ta zo, ta zuba. Haka rage ƙiba yake. Himma tana zuwa tana tafiya kamar iskar hunturu. Abin da ke tsayawa shi ne al'ada, da sanin cewa akwai masu jiran mutum.

Saboda haka ga shawarwarinmu ga duk waɗanda za su kafa irin wannan ƙungiya, a unguwa ne, ko a biro, ko a ajin yaƙi da jahilci.

Na ɗaya, kada ku yi yawa. Mutum takwas zuwa goma sha biyu sun isa, yadda in ɗaya bai zo ba za a gani. Mata da nasu, maza da nasu, don kowa ya saki jiki ya yi magana. Rana ɗaya a mako, lokaci ɗaya, ma'auni ɗaya.

Na biyu, ku ɗauki buri daidai ƙarfinku. A Amurka an yi wani babban gwaji da mutum 3.234 waɗanda ke bakin kamuwa da ciwon sukari, aka bayyana sakamakonsa a 2002. Abu biyu aka nema daga gare su: su rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu, su kuma motsa jiki minti 150 a mako. Haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58 cikin 100, alhali waɗanda aka ba ƙwayar magani nasu ya ragu da kashi 31. Ga mai kilo 90, kashi 7 bai wuce kilo 6 da ɗoriya ba. Ba a ce ka koma jikinka na samartaka ba. Rabin kilo a mako tafiya ce mai kyau. Sannu ba ta hana zuwa.

Na uku, ku rubuta aiki, ba kilo kaɗai ba. A nan ne waɗanda suka yi yaƙi da jahilci za su ci moriyar alƙalaminsu. Kowa ya samu ɗan littafi. Kwana nawa na yi tafiyar minti 30 a wannan mako? Shayi nawa na sha, da sukari nawa? Ludayin mai nawa ya shiga tukunya? Kilo ba a hannunka yake ba kowane mako, domin ruwan jiki da gishiri da al'adar mata duk suna motsa ma'auni. Amma tafiya a hannunka take. Wanda ya yi tafiyarsa kwana biyar ya cika zubinsa, ko ma'auni ya motsa ko bai motsa ba.

Na huɗu, kuma shi ne babba: ba a tarar wanda ya ƙara nauyi, ba a yi masa ba'a, ba a karanta kilonsa a bainar jama'a. Awo tsakaninsa ne da mai riƙe da littafi. In za a yi tara, a yi ta a kan fashi ba dalili, ko da dala biyar ce. Wanda ya zo ranar da ya san ya ƙara, shi ya kamata a fara yi wa sannu da ƙoƙari, domin ya yi abin da ya fi wuya.

Na biyar, zumunta a ƙafa take. Kowa ya zama yana da abokin tafiya guda. In mutum ya yi fashi, kada rana ta biyu ta faɗi ba a kira shi a waya ba. In ya yi fashi biyu, a taka a je gidansa, a gaishe shi, a ce gobe da asuba muna jiranka a bakin hanya. Ba wa'azi aka je yi ba.

Na shida, ku shirya wa biki tun bai zo ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. A zauna a yi shawara: me za a ce wa surukar da ta cika kwano? Yaya za a karɓi kofin shayi na farko a bar na biyu da na uku ba a ɓata wa mai dafawa rai ba? Me za a fara sa wa ciki a buɗa-bakin azumi? Dabarar da ta yi wa ɗaya aiki, sai ya ba sauran. Abincinmu na gida ma ya wadatar: wake, kwaɗon zogale, rama, kuɓewa, miyar kuka, gero da dawa. A cika rabin kwano da ganye, a rage tuwo da shinkafa, a rage mai da soye-soye, fura kuma a sha ta ba sukari. Malamanmu sun daɗe suna tunatar da mu koyarwar Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ta raba ciki kashi uku tsakanin abinci da ruwa da numfashi.

Na bakwai, ku ƙirga ribar da ma'auni ba ya nunawa. Wanda a da yake haki in ya hau bene, yau ya hau bai tsaya ba. Wadda take salla a zaune, yau ta yi sujada. Awon jini ya sauka, barci ya gyaru, zane ya ƙara zagayowa. A faɗi waɗannan a wurin zama, a yi murna da su.

Abin da ƙungiya ba ta iyawa

Ba za mu ɓoye muku ba: ƙungiya ba laya ba ce. Da yawan masu rage ƙiba, wani abu daga cikin nauyin yakan dawo bayan shekaru. Amma wannan bai sa wahalarsu ta tafi a banza ba. A birnin Dacin na ƙasar Sin, a 1986, an ɗauki mutum 577 masu alamun ciwon sukari, aka riƙa koyar da mafi yawansu gyaran abinci da motsa jiki cikin ƙananan ƙungiyoyi har shekara shida. Da aka waiwaye su bayan shekara 30, sai aka tarar ciwon ya yi jinkirin kama su da wajen shekara huɗu, ciwon zuciya ya yi musu sauƙi, kwanansu kuma ya fi na sauran tsawo. Shekara huɗu ba allura, ba takardar farmasi kowane wata, ba ƙaramar riba ba ce ga mai iyali.

Wani kuma zai ce ai yanzu an samu allurar rage ƙiba. Gaskiya ne, akwai irin su semagulutid, kuma suna aiki. Har kamfanin Weight Watchers da kansa, da masu zuwa zamansa suka ragu, bashi ya kai shi gaban kotu a watan Mayu na 2025 kafin ya sake tsari. Amma allurar tana da tsadar da ta fi ƙarfin albashin mafi yawanmu, sai da izinin likita ake yin ta, kuma bincike ya nuna a 2022 cewa waɗanda suka daina ta, kashi biyu cikin uku na nauyin da suka rage ya dawo cikin shekara guda. Ko mai allura yana bukatar sabuwar al'ada.

Sai gargaɗi. Kada ƙungiya ta zama kasuwar masu tallar shayin rage tumbi da garin da ba a san abin da ke ciki ba. Mai ciki, da mai shayarwa, da mai shan maganin sukari ko na hawan jini, su ga likita kafin su canza abinci. Wanda kuma ya ga yana ramewa ba da niyyarsa ba, wannan ba nasara ba ce, ya hanzarta zuwa asibiti, domin tarin fuka da ciwon sukari da kansa suna ramar da mutum.

Kira ga hukumomi

Muna kira ga shugabannin ma'aikatu, da magadan gari, da jami'an kiwon lafiya. Ma'aikacin da ya fita daga gida bisa moto, ya zauna a biro har yamma, ya koma fada ya zauna har dare, ƙasa ce za ta yi asararsa ranar da shanyewar jiki ta kwantar da shi. Abin da ake nema a wurinku bai da yawa: ɗaki ɗaya na awa guda a mako, ma'auni mai kyau, da wani jami'in lafiya da zai leƙo sau ɗaya a wata ya auna jini ya amsa tambayoyi. A buɗe filayen makarantu da na wasanni da asuba da yamma, a kuma keɓe wa mata lokacinsu, domin da yawansu kunyar tafiya a titi ce ta zaunar da su. Masu koyar da yaƙi da jahilci su sa lissafin kilo da na cokalin sukari cikin darasi. Ranar 14 ga Nuwamba, ranar ciwon sukari ta duniya, kada ta tsaya ga jawabi. A fito daga wurin taron da sunayen mutum goma da ranar zamansu na farko.

Ku kuma maza, in uwargida ta shiga wannan tafiya, kada ku zama na farkon masu cewa ta lalace. Tukunya ɗaya kuke ci, ragin mai da gishirin da ta yi har ku zai amfana.

Daga ƙarshe, ya kai ɗan uwa, ya ke ƴar uwa da kika yi mako uku ba ki je zama ba: kujerarki tana nan. Duk waɗanda ke zaune a wurin sun taɓa hawa ma'auni gabansu na faɗuwa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. A ɗauki littafi, a sa takalmi, a koma wannan makon.

Allah ya ba mu lafiya mai amfani, ya kuma ba mu abokan tafiya na gari. Amin.